Motar Wasa: Mai Shan Mai Ko Mai Batir?

Jama'a, da wuya a sami yaron Kano da bai taɓa haɗa mota da kara ko langa-langa ba. To, akwai kuma wata motar wasa wadda ake tuƙa ta daga nesa da rimot. Daga cikin ire-irenta akwai mai injin naitiro da mai batir. A kansu ne gardama ta kaure a kulob ɗinmu na kimiyya, domin karo-karon da muka yi na zango uku ba zai sayi biyu ba. Ni aka ɗora wa bincike a lokacin hutu, ga kuwa abin da na samo.

Ita mai naitiro inji ne da ita na sosai, da fistin da kafireto, yana juyawa fiye da sau 30,000 a minti ɗaya. Ga ƙara, ga hayaƙi, abin sha'awa. Amma fa ba ta shan fetur. Manta haɗi ne na metanol da naitiro da ɗan man zurma ko makamancinsa, tanki ɗaya kuwa kamar minti 10 yake yi. Na bi Titin Zariya tun daga gidanmu a Gyadi-Gyadi ina tambaya, babu wanda na samu yana sayar da shi. Har wa yau, injin nan iska yake shaƙa, in kuwa ƙurar hunturu ta wuce matacin iska, ta cinye shi.

Mai batir kuwa ba ta da hayaniya, ana danna rimot take zabura. Kada a raina ta, domin a 2011 kamfanin Traxxas na Amurka ya fito da wadda ke gudun mil 100 a awa. Aibinta biyu ne. Caji yakan ci wajen awa guda, ga ɗaukewar wuta. Sa'an nan batirin litiyam ba ya son zafi, in ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta, balle a zafin Afrilu na Kano.

Abin da ya raba mini gardama shi ne kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni. Can na ga samari suna liƙa wayoyi da dalma, suna auna batir mai bolt 3.7, ɗan'uwan wanda ke cikin motar. Ashe in tamu ta lalace, likitanta yana kusa, mu ma mu koya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Saboda haka mai batir zan ba kulob shawara mu saya, ko da yake masu son ƙarar inji za su ji haushina.

Ina roƙon iyayenmu kada su ɗauki wannan shiririta. Jelani Aliyu, tsohon ɗalibin Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, shi ya zana siffar Chevrolet Volt, motar lantarki da aka nuna wa duniya a 2007. A makaranta irin tamu ya zauna. Allah ya sa wasanmu ya zama sana'a, amin.