Kada Tsoron Kwamfuta Ya Sa Mu Yanke wa Haruffanmu Ƙugiya

Ƴan uwana malamai da iyaye, duk mai rubuta Hausa a kwamfuta ya san wannan ciwon kai. Ka tura wa abokin aiki darasi ta imel, ya buɗe ya tarar da "Æ™asa" inda ka rubuta "ƙasa", da "É—alibi" a gurbin "ɗalibi". Faransanci ma bai tsira ba, "école" takan koma "Ã©cole". Da yawa daga cikinmu sun gaji, sun daina sa ƙugiya kwata-kwata. Wannan maganin ya fi cutar muni.

Bara wata makaranta maƙwabciyarmu ta aiko mana da takardar karatu ta ƴan ƙananan aji, an cire mata ƙugiya duka don kada ta dagule a hanya. Na ba yarana. Inda ake nufin baƙi sun zo, suka karanta baki. Faɗa ya zama fada, ƙafa ta zama kafa. Babba yakan gane daga yanayin magana, amma yaro ɗan shekara bakwai abin da idonsa ya gani shi bakinsa ke faɗa. Gwamnati ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar tun 1999, da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a ciki, kuma a 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa. Idan mu masu riƙe da alli muka zubar da su, wa zai riƙe?

Asalin matsalar mai sauƙin ganewa ne. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai take ajiyewa, sai ta duba wani jadawali ta ga harafin da lambar ke nufi. Jadawalin ASCII na 1963 gurbi 128 gare shi, an yi shi don Ingilishi. Windows-1252 ya ƙara haruffan Yammacin Turai, bai sa namu ba. Tsarin UTF-8, wanda aka ƙirƙiro a 1992, shi ne ke ɗaukar haruffan duniya, kuma a cikinsa ƙ lambobi biyu ne a haɗe. Idan manhajar mai karɓa ta karanta da tsohon jadawali, sai ta raba su, ta farko ta fito Æ, ta biyu ™. Ke nan rubutun yana nan lafiya lau, karatun ne ya karkace.

Sai a buɗe shi da jadawalin da ya dace. Jerin sunayen ɗalibai na CSV, kada a danna shi kai tsaye. A shiga Excel ta "Données", a shigo da shi, a zaɓi UTF-8, mai lamba 65001. Mai ajiye rubutu a Bloc-notes ya duba "Encodage" wajen "Enregistrer sous", ya tabbata UTF-8 ne. Mai kula da shafin intanet na makaranta ya sa a bayyana charset="utf-8" a saman shafin.

Idan kuwa ƴan akwatuna kuka gani a gurbin harafi, wannan wani ciwo ne daban: salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da hoton harafin. A sauya shi da Andika, Charis SIL ko Noto. Kyauta ake sauke su, kuma Andika an tsara shi ne musamman don masu koyon karatu.

Alamar tambaya ita ce mugun labari. In "ƙasa" ta koma "?asa" a cikin takardar da aka riga aka ajiye, harafin ya salwanta, ba dabarar da za ta maido shi. A nemi wanda ya aiko ya sake turo ta asali. Shi ya sa takardar da za a buga, kamar ta jarrabawa, nakan mai da ita PDF kafin in tura.

Iyaye, ku ma kuna da rabo a nan. Gboard yana da Hausa, ku sa shi a wayoyinku. Saƙon da yaro ke gani a wayar babansa darasi ne, ko da ba a aji aka ba shi ba. Allah Ya yi wa ƴaƴanmu albarka.