Lalitar Inna

Har yau, in salulata ta yi ƙara cewa kuɗi sun shigo, hancina ne ke fara tunawa: warin lalitar Inna, fatar akuya da ta sha gumi da man gujiya har ta yi baƙi, ɗaure a ƙugunta ƙarƙashin zane biyu. A Sae Sabuwa ita ce bankinmu. Tamma da dala na kacau-kacau a ciki in ta sunkuya tuƙin tuwo, takardar jika kuwa, in Allah ya kawo, sai a naɗe ta kamar laya a tura ƙasan adudu, cikin zannuwa masu ƙamshin kanumfari.

Shekarun da Yaya ke cirani a Kano, direban da ya san kakanmu yake ba saƙo. Ni ake aikawa bakin hanya, ƙafafu duk ƙarangiya, in rakuɓe gindin gawo ina kasa kunne ga kukan mota daga wajen Maraɗi, har mutumin ya sauko ya zaro ƙulli daga cikin hularsa, nairori masu ɗumin kai, Inna ta lashi yatsa ta ƙirga sau uku a hasken aci-balbal. Ba takarda, ba sa hannu. Ko tamma ba ta taɓa ɓata ba.

Da 'yan asusun Mata Masu Dubara suka zo da akwatinsu na ƙarfe mai kwaɗo uku, sai da Inna ta ji sunayen masu riƙon mabuɗan kafin ta kwance lalita.

Ashe jininta na ɗauko. Ƙanena na aiko kuɗi daga Abijan, su iso kafin shayi ya huce, amma na daɗe ina ɗari-ɗari: tsoron kuskuren lamba ɗaya, tsoron rezo ya ɗauke ana tsakiyar aike, ga lissafin ladan cirewa. Na ga allunan NITA da na Airtel Money a Maraɗi sun fi a ƙirga, ba su ne suka kwantar mini da rai ba. Yaron da ke zaune a rumfar cirar kuɗi ne. Na ci naman sunansa.

Inna, a shekarunta na ƙarshe, sai na karanta mata saƙon sau biyu, ta kalli gilashin wayar shiru, sannan ta ce, "Jeka ka karɓo su, ɗan nan, in taɓa."

In na kawo, ta lashi yatsa.