Bodele, mahaifar ƙurar hunturu

A arewacin ƙasar Cadi akwai wani kwari da ake ce ma Bodele. Da can tabki ne. Ruwa ya janye, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Da hunturu, iska na kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Enedi, ta kwashe ta, ta rufe Gure, Damagaram da Maraɗi.

Hanci na tare ƙura mai kauri, amma mai laushin tana shiga har cikin huhu. Ita ke tada tari da fuka, ta wahal da zuciyar tsofaffi.

Jama'a, ranar hazo a rufe hanci da rawani ko mayafi, yara su zauna ɗaka. Mai tarin da ya wuce sati 2, a kai shi likita.