Guzurin mai farfaɗiya a kan hanyar Damagaram zuwa Yamai

Tsakanin Damagaram da Yamai akwai tafiyar kusan kilomita 900 a kan babbar hanyar ƙasa ta ɗaya. Motocin safara sukan tashi tun kafin kiran sallar asuba, su ratsa Tasawa da Maraɗi da Madawa da Birnin Ƙonni da Dogondutsi da Doso, ba sa isa babban birni sai rana ta faɗi. Ga yawancin matafiya wahalar ba ta wuce gajiya da ciwon baya ba. Amma akwai waɗanda wannan yini guda yake tara musu duk abin da likita ya gargaɗe su a kai, wato rashin barci da yunwa da zafi da saɓa lokacin shan magani. Su ne masu farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke fama da wannan ciwo a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari daga cikinsu suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami ko matsakaicin arziki. Ke nan ba abin mamaki ba ne idan a cikin motar da ta cika maƙil akwai ɗaya daga cikinsu, yana zaune shiru da sirrinsa.

Wani malamin makarantar firamare, haifaffen Damagaram, ya yi shekaru yana bin wannan hanya da irin wannan sirri. Sanƙarau ya kama shi yana yaro, a ɗaya daga cikin shekarun da annobar takan ɓarke da rani, kasancewar Nijar tana cikin zirin nan na ƙasashen sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha. Ya warke, amma cutar ta bar tabo a ƙwaƙwalwarsa, kuma daga wannan tabo ne farfaɗiya ta samo asali. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙonninta ne ta hanyar wasu ƴan sigina na lantarki. Idan suka tashi gaba ɗaya ba bisa tsari ba, sai mutum ya faɗi, jiki ya sandare, ya yi ta karkarwa, ko kuma ya ƙura ido na ɗan lokaci bai san inda yake ba. Wahalar haihuwa da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da rauni a ka duk suna iya barin irin wannan tabo, kuma sau da yawa ba a gano musabbabin ko kaɗan. Ciwon ba ya yaɗuwa ta yawu ko numfashi ko taɓa jiki.

A gidan likita aka ɗora shi a kan fenobarbital, wanda aka fi sani da Gardénal, tsohon magani da aka fara bai wa masu farfaɗiya tun 1912. Da ya girma aka mayar da shi kan karbamazepin, safe da dare. Faɗuwar ta yi sauƙi har yakan shekara bai gan ta ba. Abin da bai yi sauƙi ba shi ne gargaɗin da mahaifiyarsa ta yi masa ranar da zai tafi makarantar horon malamai: «Ɗana, kada ka faɗa wa kowa. In suka sani, ba mai cin abinci kwano ɗaya da kai, ba kuma mai ba ka ƴa.» Ba ta faɗi haka don rashin tunani ba, domin ta ga yadda ake gudun masu ciwon a unguwa. Ya riƙe maganarta da hannu biyu.

Wata shekara, cikin zafin watan Afrilu, aka kira shi taron ƙara wa juna sani a Yamai tare da wasu abokan aiki. Suka kwana a tasha a kan tabarma don kada mota ta bar su, ba wanda ya runtsa sosai. Kunyar idon abokan tafiya ta hana shi haɗiye ƙwayar dare, ta safe kuwa tana cikin akwatin da yaron mota ya cusa a ƙasa ƙarƙashin buhuna. Bayan sun wuce Ƙonni ciwon ya taso. Waɗanda ke kusa da shi suka watse, wani ya danne masa ƙafafu, wani ya tura masa cokali a baki har haƙori ya karye, wani kuma yana neman ruwa ya ɗura masa. Wata dattijuwa da ta yi aikin unguwarzoma har ta yi ritaya ita ce ta ratso ta kore su. Ta sa direba ya tsaya, ta cire cokalin, ta naɗe mayafinta ta sa masa a ƙarƙashin kai, ta juya shi a kan gefensa, ta riƙa duban agogo. Kafin minti uku jikin ya lafa. Da ya dawo hayyacinsa ta sunkuya ta ce masa a hankali: «Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ka faɗa wa ko mutum ɗaya, da haƙorinka yana nan.»

Abin da dattijuwar ta yi shi ne dukkan taimakon da ake buƙata, kuma ba ya neman kuɗi ko takardar shaida. A kawar da abin da zai ji wa mutum rauni, a tallafi kansa da abu mai laushi, a sassauta wuyan riga, a kwantar da shi a gefe don yawu ya fita kada ya shaƙe shi. Ba a danne shi, ba a sa masa komai a baki, domin mutum ba ya haɗiye harshensa kamar yadda ake faɗa. Ba a ba shi ruwa ko jiƙo sai ya farfaɗo sarai, ba a kuma turara masa hayaƙi. Yawancin faɗuwa takan wuce da kanta cikin minti biyu zuwa uku. Idan ta haura minti 5, ko ta sake tasowa kafin ya farfaɗo, ko ya ji mummunan rauni, ko mace ce mai ciki, to sai a nufi gidan likita mafi kusa ba tare da jinkiri ba.

Tun daga wannan tafiya malamin ya sake tsarin guzurinsa. Magani yana cikin aljihun rigarsa, a kwalinsa na asali, da ƙarin na kwanaki a kan abin da tafiyar za ta ci, saboda mota takan lalace, aiki kuma yakan ja. Ba ya barin shi a cikin kayan da ake ɗaurewa a bisa mota, inda ranar bazara mai haura digiri 40 za ta gasa shi yini guda. Yana sayensa a farmasi tun kafin ya tashi, ba ya dogara da na masu talla a tasha, wanda ba a san asalinsa ba. Ya sa ƙararrawa a wayarsa don lokacin sha, domin yanke irin wannan magani farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa mai tsanani a jere. Yakan kai kayansa tasha tun da la'asar, ya koma gida ya yi barci. Idan kwanaki sun ba da dama, yakan raba tafiyar gida biyu ya kwana a Maraɗi. Ba ya karɓar tramadol da wasu ke haɗiya don kashe gajiya, saboda wannan ƙwaya tana iya tayar da faɗuwa ko ga wanda bai taɓa yin ta ba.

Akwai kuma ƴar takarda da ke tare da katin ɗan ƙasarsa, an rubuta da Hausa da Faransanci: sunan ciwon, sunan magani da adadinsa, lambar wayar ƙaninsa, da layi huɗu na abin da za a yi da wanda ba za a yi ba. Takardar likita, wato ordonas, ita ma ba ta rabuwa da shi, musamman idan zai tsallaka iyaka zuwa Katsina ko Kano. Fenobarbital yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa ido, don haka wanda yake ɗauke da shi ba takarda yana iya shan tambayoyi a hannun ƴan duwan. Takardar tana da wani amfani idan zazzaɓi ya kama mutum a garin da ba a san shi ba: karbamazepin da fenobarbital suna rage ƙarfin wasu magunguna, har da wasu na zazzaɓin cizon sauro, shi kuma meflokin ba a ba mai farfaɗiya shi. Likitan da ya ga takardar ya san abin da zai zaɓa.

Haɗarin tafiya ya danganta da inda faɗuwar ta sami mutum. A kan kujerar mota abin yakan tsaya ga ƙujewa, amma a bisa lodin babbar mota ranar kasuwa, ko a bayan kabu-kabu, ko a cikin kwalekwale a kan kogin Kwara, ko a bakin rijiya da murhun mai shayi, minti ɗaya ya isa a yi asarar rai. Saboda haka malamin yakan biya kuɗin kujera ko da ya fi tsada, ya zauna nesa da ƙofa, kuma ya ajiye tuƙin babur har sai da likitansa ya ga ya daɗe bai faɗi ba. Idan tafiya ta faɗo cikin watan azumi, yana amfani da sauƙin da shari'a ta yi wa matafiyi da mara lafiya, ya rama daga baya, bayan ya yi shawara da likita a kan lokutan sha. Maniyyaci mai wannan ciwo yana da ƙarin lissafi, domin agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa 2, ga cunkoso da ƙarancin barci a kwanakin Mina; ya kamata likitocin tawaga su san da shi tun daga gida.

Duk waɗannan shirye-shirye sun fi sauƙi a kan jimla guda da yake faɗa wa maƙwabcin kujera kafin mota ta tashi: «Alhaji, ina da farfaɗiya, ina shan magani. In ka ga na faɗi, ka juya ni a gefe, kada a sa mini komai a baki.» Akwai wanda ya taɓa tashi ya sauya wuri da jin haka. Amma mafi yawa sukan ce Allah ya sawwaƙe, wasu ma su sassauta murya su ce akwai mai irinsa a gidansu, su tambayi inda ake samun maganin. A nan ne ake gane girman abin da ɓoyo yake jawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa har kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba faɗuwa in an gano ciwon aka ba su maganin da ya dace, alhali kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda ke ƙasashe matalauta ba sa samunsa. A watan Mayu na 2022 babban taron hukumar ya amince da wani shiri na 2022 zuwa 2031 don rage wannan giɓi, sai dai shiri ba ya isa ga wanda danginsa suka rufe a ɗaki.

Malaman makaranta suna da hannu a wannan al'amari fiye da yadda suke tsammani. Su ne suke raka ɗalibai zuwa cibiyar jarrabawa a wani gari, su ne suke shiga mota da ƙungiyar wasan kwaikwayo ko ta ƙwallo, kuma sau da yawa yaron da ke faɗuwa shi ake fara cirewa daga jerin masu tafiya, wani lokaci ma daga makarantar baki ɗaya. Tambayar iyaye cikin sirri kafin a tashi, da riƙe maganin yaron a hannun mai rakiya, da tabbatar da ya yi barci, sun wadatar a tafi da shi. Litinin ta biyu ta watan Fabrairu ita ce ranar farfaɗiya ta duniya. Ƙungiyar al'adu da ta shirya ɗan gajeren wasa a wannan rana a harabar tasha, direbobi da yaran mota da masu sayar da tikiti suna kallo, ta nuna yadda ake juya mutum a gefe da yadda ake duban agogo, za ta koyar da waɗanda galibi su ne na farko a wurin idan fasinja ya faɗi.