Neman Littafin Farko

Kwana biyu kun ji ni shiru, to ba kasuwar Sabo ce ta ɓoye ni ba, karatu ne.

Malamina ya ba ni batun da zan yi rubutun digiri na biyu a kai: aljabara mai giɓi, wato lissafin da wani aikin ba ya yiwuwa ko da yaushe a cikinsa. A cire 3 daga 5 saura 2, amma a cire 5 daga 3, in ba a yarda da bashi ba, babu amsa. Ya ce in haɗa da nazariyyar da Peter Freyd ya raɗa wa suna a 1972, mai cewa dole sharaɗin yiwuwar aikin ya zama daidaito: kaza daidai yake da kaza.

Matsalar ita ce ta ina zan fara? Na kashe kuɗin cefanen sati guda na buga littafin Peter Burmeister na 1986. Wallahi teku ne, ba a rubuta shi don ɗan koyo ba. Wata biyu ina juya shi, uwargida tana kallona, ga kuɗin makaranta na wani zangon yana matsowa.

Abin da ya buɗe mini kai a tasha na same shi, ina raka ƙanena. Motar Ibadan zuwa Ilorin da ta Ilorin zuwa Kano suna haɗuwa su zama tafiya ɗaya, domin inda ta farko ta sauke nan ta biyu ta ɗauka. Haka ake haɗa kibau a kategori, sharaɗin kuwa daidaito ne. Rabawa fa? Sharaɗinta lambar da ake rabawa da ita kada ta zama sifiri, wannan kuwa rashin daidaito ne, shi ya sa ba ta shiga sahun.

Da wannan na koma babi na biyu na littafin George Grätzer na 1968, sannan babi na uku na Adámek da Rosický na 1994. Maƙalar Palmgren da Vickers ta 2007 ce ta fi shiga raina, da na sani da ita zan bi bayan Grätzer.

Burmeister yana nan kan kanta, sai bayan Sallah in Allah ya kai mu.