Shawarar da Na Bayar Ba Tare da Bincike Ba

Ni na shawarci masu lambu na ƙauyenmu su sayi wata baƙar ledar renon dashe, wadda dillalinta ya ce da sitacin rogo aka yi ta, ƙasa za ta cinye ta. Da yake ina koyar da kimiyya, babu wanda ya yi mini musu. Har cewa na yi su dasa mangwaro da gwaiba da ledarsu, ba sai sun yage ta ba.

Da shekara ta zagayo, dashe da yawa suka tsumbure. Muka tona, sai ga saiwa ta nannaɗe a wuri guda, ledar kuwa ta kekkece, ɓarɓashinta ya cakuɗe da ƙasa yadda ba ya tsintuwa.

Sai a lokacin na zauna na yi karatun da ya kamata in yi tun farko. Ashe irin wannan leda gaurayen sitaci ce da robar polietilin. Sitaci na shan ruwa, robar kuwa ba ta jituwa da ruwa, shi ya sa ba sa haɗuwa sai an sarrafa sitacin da sinadarai, an tausasa shi da gilisarin, an zuba abin da zai ɗaure su. Wannan gyara yana hana ledar tsagewa, amma ba ya canja halin robar. Ƙananan halittun ƙasa su cinye sitacin, su bar robar a warwatse. Tun ƙarshen shekarun 1980 Amurka ta ga haka, lokacin da aka yi yayin ledoji masu sitacin masara kusan kashi 6 cikin 100.

Akwai leda mai ruɓewa da gaske, wadda ake haɗa sitaci da roba irin PBAT ko PLA. Ita ma ƙa'idar Turai, EN 13432, ta gindaya mata sharaɗin ruɓewar kashi 90 cikin 100 a wata 6, kuma a masana'antar takin da ke da zafi, ba a ramin dashe ba.

Na tara mutanen na ce musu laifina ne, na biya kuɗin sabon dashe. Ɓarɓashin da ke cikin ƙasarsu kuwa ba ni da ikon kwashe shi, kuma shi ya fi ci mini rai.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo, don haka ina fatan fasahar yin leda mai ruɓewa da sitacin rogo ta bunƙasa a nan. Amma yanzu duk ledar da aka kawo mini, sai na tambayi nawa ne sitacinta, da wace roba aka gauraya shi, a ina kuma aka gwada ruɓewarta. Idan babu amsa, sai in ce wa manomi ya yage ta kafin ya dasa.