Wa Ya Biya Kuɗin Binciken?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana da 'yan'uwana akawuna, da malaman makaranta, da malaman zaure, a kan wani al'amari wanda ba a cika zancensa ba, watau binciken da likitoci su ke yi a kan masu taɓin hankali, da wanda ya ke biyan kuɗin binciken nan.

Ni akawu ne. Abin da aka fara koya mana a makarantar Mishan game da littafin kuɗi shi ne, wanda ya riƙe jaka ba shi ne zai duba lissafin kansa ba. Ba don an ce ɓarawo ne ba, sai don zuciyar ɗan Adam tana karkata wajen da tuwonta ya ke. To, ashe haka abin ya ke har a gidan likita.

Mutanen Kano ba su manta da shekarar 1996 ba, sa'ad da sanƙarau ya yi ɓarna. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo ya gwada sabon magani mai suna Trovan a kan yara kamar 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani magani wanda aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu. Kamfani ya ce ciwon ne ya kashe su, ya ce kuma iyaye sun yarda da baki. Iyaye da yawa suka ce su ba wanda ya gaya musu gwaji a ke yi. Daga baya aka gane takardar izinin da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka sa mata kwanan wata na baya. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfani ya amsa laifi ba. Amma akwai asarar da kuɗi ba su biya: da aka ƙi rigakafin shan inna a 2003, labarin nan yana cikin abin da mutane su ke kafa hujja da shi.

Wani zai ce ai sanƙarau ba hauka ba ne. Gaskiya ne, shi ya sa ma tsorona ya fi yawa. Sanƙarau ana ganin ƙwayarsa a madubin likita. Ciwon damuwa kuwa ba a ganinsa a jini, sai dai a yi wa majinyaci tambayoyi, a ba shi maki. Inda ma'auni tambaya ce, mai awo yana iya danna mudu ko ya sassauta, ba wanda zai gani.

An yi haka a Amurka. Kamfanin SmithKline Beecham ya biya kuɗin gwada maganin damuwa mai suna Paxil a kan samari da 'yan mata. A 2001 aka buga sakamako da sunayen manyan likitoci, aka ce yana aiki, ba shi da wata illa babba, alhali kuwa marubuciyar haya ce ta tsara takardar. A 2012 kamfanin, wanda a lokacin ya koma GlaxoSmithKline, ya amsa laifi a kan tallan wannan magani da waɗansu, ya biya dala biliyan 3. A 2015 waɗansu masana da ba su cin albashinsa suka sake duba ainihin lissafin, suka tarar maganin bai fi ƙwayar da ba kome a cikinta amfani ga yaran ba, ya kuwa ƙara wa waɗansu tunanin kashe kansu. Shekara 14 ke nan tsakani, a ƙasar da kusan kowa ya iya karatu. Ina ga mu?

Ba don nishaɗi na ke wannan magana ba. Ina da kawu wanda wannan lalura ta kama, ni ne kuwa mai karanta masa takarda in sa hannu, don ni ne ɗan boko a gidan. A nan Dogon Daji da ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, in abin ya fi ƙarfin rubutu da turare, sai a nemi mota a bi ta Sakkwato a kai mutum asibitin Kware. Wanda ya sayar da akuya ya yi wannan tafiya, in an miƙo masa takarda aka ce akwai magani kyauta, zai dangwala yatsa kafin a gama magana. Shi majinyacin kuwa, ko alƙali ba ya karɓar cinikinsa. Yardar wa aka samu ke nan?

Kada a ɗauka ina ƙin bincike. Bincike ne ya sa Likita Lambo a 1954 ya sauke majinyata a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, maimakon kulle da mari. Likitocinmu kuma ba su da yawa, in ba kuɗin waje da yawansu ba su iya auna kome. Ba karɓar kuɗin na ke zargi ba, ɓoye mai bayarwa na ke ƙi.

Tun 2007 ƙasar nan tana da ƙa'idar binciken lafiya, a Janairun 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Madalla. Amma da Turanci su ke, suna can ofis. Roƙona shi ne, duk takardar neman yarda a rubuta ta da Hausa, boko da ajami, sunan mai biyan kuɗi ya zo a layin farko, a faɗi ko likitan yana da wani rabo wajensa, a kuma faɗi cewa wanda ya ƙi ba za a hana shi maganinsa ba. In an gama, a dawo a gaya mana abin da aka samu, ko da bai yi wa mai kuɗin daɗi ba.

In akwai likita a Kware ko a asibitin koyarwa na Sakkwato wanda ya ke karanta jaridar nan, ina so ya ba mu amsa a wannan shafi: su wa ke zama a kwamitin da ke ba da izinin bincike, akwai kuma ɗan'uwan majinyaci ko ɗaya a cikinsu?

Haza wassalam.

Wani Akawu,
Dogon Daji.